Uwa, ki yi magana idan ana ƙara wa ɗanki jini

A manyan asibitocin Faransa da Amurka akwai wata na'ura. Tana fitar da jinin majinyaci, ta ba shi iska, ta mayar da shi cikin jiki. A shekarar 1971 aka fara ceton babban mutum da ita. Masu tsaronta sun lura cewa sau da yawa haɗari daga mutane yake zuwa: gajiya, mantuwa lokacin canjin aiki, da ƙarami mai jin nauyin gyara wa babba.

Mu a Gangara ba mu da wannan na'ura. Amma da damina zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin ƴaƴanmu, har a kai su Agye ko Maraɗi ƙarin jini. Ɗaki cike, ma'aikaci ya kwana tsaye, ga masu suna Sani biyu ko uku kwance kusa da juna.

To uwa, kafin a rataya jini, ki faɗi sunan yaro da na mahaifinsa, a duba takarda. Minti 15 na farko kada ki tashi daga wurin. Idan ya kama makyarkyata, ko numfashi ya yi masa wuya, ko fitsarinsa ya yi ja, ki kira lokotoro nan take, ko da tsakar dare ne.