Ƙaramin suwic ma yana buƙatar sabuwar manhaja

A ofisoshi da makarantu da shagunan intanet akwai wani ɗan akwati mai ramuka biyar ko takwas, inda wayoyin kwamfutoci da kyamarori da firinta suke haɗuwa. Shi ne suwic, na'urar da ke raba layin sadarwa. Akan jona shi a tura bayan tebur, muddin fitilunsa na ƙiftawa ba mai sake waiwayarsa. Alhali irin wanda ake shiga ta burauza a saita shi ƙaramar kwamfuta ce, da manhajar da kamfani ya dasa mata, kuma manhajar nan takan zo da ɓaraka. Barinta ba sabuntawa sakaci ne.

A Satumbar 2021 kamfanin Netgear ya fitar da gyara ga ƙananan suwic ɗinsa da dama, har da GS108Tv3 mai ramuka takwas, bayan Gynvael Coldwind, masanin tsaro a Google, ya nuna ana iya ƙwace ragamarsu ba tare da sanin kalmar sirri ba. Labarin Cisco ya fi tayar da hankali. A Maris 2018 kamfanin ya toshe wata ɓaraka a tsarinsa na Smart Install. Cikin Afrilu masu kutse suka afka wa na'urorin da ba a sabunta ba a Iran da Rasha, suka goge saitinsu, suka bar hoton tutar Amurka. A Agustan 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗin cewa jami'an leƙen asirin Rasha na shiga ta wannan ɓarakar har yanzu, shekara bakwai bayan fitowar maganinta.

Masu jan ƙafa suna da hujja, musamman a ƙasar da wuta ba ta da tabbas: idan aka ɗauke ta ana tsakiyar rubuta manhaja, na'urar na iya mutuwa murus. Gaskiya ne, sai dai wannan kira ne ga yin shiri. A jona suwic ɗin a UPS ko inbata, a ajiye kwafin saitinsa, a bari sai an tashi aiki. A kifa shi a karanta lambar da ke liƙe a ƙasansa, domin manhajar v2 ba ta v3 ba ce, kuma a sauke ta daga shafin kamfanin kaɗai. Wasu samfuran ma suna riƙe kwafin manhaja biyu, in sabuwa ta ƙi a koma tsohuwa. Masu cewa na'urarsu a cikin gida take, ba ta fuskantar intanet, su tuna kwamfuta ɗaya da ta kamu a ofis ta isa ta buɗe wa ɓarawo hanya.

Suwic ɗin da ba a saita shi kwata-kwata galibi ba shi da wannan hidima. Wanda kuwa kamfaninsa ya daina fitar masa da gyara, don Allah a cire shi a sayi sabo.