Biran Dajin Lekki Da Biskit Ɗin Hannun Yara

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙyandar biri a watan Agustan 2024, wani saƙon murya ya riƙa yawo a wayoyin iyaye a unguwarmu ta Agege: kada a kai yara dajin Lekki, birai ne ke raba cutar. Ranar da na ce zan kai iyalina can, sai da yayata ta kira ni sau biyu. "Haba ɗan'uwana, wuraren yawo sun ƙare ne a Legas sai gidan birai?"

Sunan cutar ne ya ja wa biri. An fara ganin ƙwayarta a 1958 a jikin wasu birai da ake gwaji da su a Kopanhegan ta ƙasar Denmak, shi ke nan suna ya bi su. Mutum na farko da aka tabbatar ya kamu wani yaro ne a Kwango, a 1970. Amma masana sun fi zargin dangin ɓera, irin su gafiya da wasu dabbobin bishiya na dangin kurege, da cewa su ne ma'ajiyar cutar. Da ta ɓulla a Amurka a 2003, ta bi ta kan irin waɗannan dabbobi ne da aka shigo da su daga Gana, babu biri a lamarin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Biri ma kamuwa yake yi kamar mu. Yau kuwa yawancin yaɗuwarta daga mutum ne zuwa mutum, ta cuɗanyar jiki, da shimfiɗa, da tufafin mai ƙurajen. Saboda wannan ruɗanin, da kuma ƙyamar da sunan ke jawowa, hukumar ta sauya shi zuwa mpox a 2022.

Mun tafi. Wurin yana bakin babban titin Lekki zuwa Epe, fili ne mai hekta 78 wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta killace a 1990. Kana barin ƙarar motoci sai ka hau wata doguwar gada ta katako da aka shimfiɗa a kan fadama, tukurwa ta rufe sama, ruwa baƙi wuluk a ƙasa. Akwai kuma gadar sama mai tsawon mita 401 da ke lilo tsakanin kawunan bishiyoyi, ita ce ke jan matasa da masu ɗaukar hoto. Mu dai ƙasa muka bi, a hankali. 'Yata ta tsakiya ce ta fara hango wani guza kwance a kan kututture, fatarsa ta saje da itacen har sai da ya zaro harshe muka yarda da ita. Wanda ya zo da gudu da hayaniya zai fita yana cewa babu komai a ciki, domin nan ba gidan zu ba ne. Kada da gada da mazo ba a ɗaure suke suna jiran baƙo ba.

Birai kaɗai ne ba sa ɓuya, kuma a nan damuwata take. Ƙanana ne, bayansu ja-ja, cikinsu fari, da ɗigon fari biyu a gindin wutsiya. A gabanmu wani magidanci ya ɓare ledar biskit ya ba ɗansa, wanda bai wuce shekara huɗu ba. "Miƙa masa, yaro, miƙa masa in ɗauke ku." Biri ɗaya ya karɓa ya cusa a kumatu, domin suna da 'yar jaka a can da suke tara abinci. Kafin a ƙifta ido sun zama shida. Yaron ya ƙanƙame ledar, wani ya fizge, yaron ya fasa kuka, uban kuma ya shiga zagin birai wai ɓarayi ne.

Wa ya koya musu? Duk wanda ya taɓa kiwon akuya ya san amsar. Ka ba ta ɓawon doya sau ɗaya a ƙofar kicin, gobe za ka same ta a can, jibi kanta na cikin tukunya. Kaza da ta saba a watsa mata tsaba a tabarma ba ta ƙara bambance tsabarta da tuwon baƙo. Kyanwar da aka saba jefa wa kan kifi lokacin cin abinci, ranar da aka hana ta farce take sawa. Biri ya fi su duka wayo da riƙe abu a ka. A dawa, tsoron mutum shi ne katangar da ke tsakaninmu da shi, kuma kowane biskit bulo ɗaya yake cirewa. Ranar da ƙarar leda ta zama masa kiran abinci, ba ya sanin wannan ledar kyauta ce, waccan kuma maganin wata tsohuwa ne a ciki. Mai bayarwa ya tafi gida da hotonsa. Yaron da zai zo mako mai zuwa da gurasa a hannu shi zai sha yaƙushi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Cizo ko yaƙushin kuwa shi ne ainihin ƙofar cuta, ba kallon biri daga nesa ba. In ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare da sauran ƙwayoyi. Kuma hanyar biyu ce. Ragowar abin da yaro mai mura ko ƙyanda ya gatsa zai iya kwantar da biri, shi kuwa ba shi da asibiti. Sukari da man da ke cikin kayan kantinmu ma ba abincin da cikinsa ya sani ba ne. Nasa 'ya'yan itace ne da ƙwari da ɗanyen ganye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne biran nan ba su da inda za su koma. Fadamun da ke kewaye an cike su da yashi an dasa rukunin gidaje, da izinin hukumomin da ke kuka da ambaliya duk damina. Wannan ɗan tsibirin kore shi ya rage musu.

Mu mun bar abincinmu a rufe cikin jaka, na kuma hana yara ƙura wa biri ido ko yashe masa haƙora, domin a wurinsa neman faɗa ne. A hanyar fita wata uwar biri ta sauko kan makarin gada, jaririnta maƙale a cikinta. Ta dubi hannayenmu ɗaya bayan ɗaya, ta ga babu komai, ta haye tukurwa. Autana ya bi ta da kallo har ganye ya rufe ta, sannan ya ja rigata ya ce, "Baba, ɗan bai faɗo ba."