Layi ɗaya ya cinye mini shafi 83

A bidiyon makon jiya na yi muku alkawarin labarin abin da ya sa na yi kwana biyu ban buɗe terminal ba. To ga shi.

Ƙanena da ke zango a Kumasi ya ɗauki hotunan wani littafin ajami da kakanmu ya rubuta da hannunsa, ya turo mini shafi 120. Na jera su daga shafi-1.jpg zuwa shafi-120.jpg. Daga baya ya gano ya tsallake ɗaya, wanda shi ne ya kamata ya zama na 37. Ke nan daga 37 har 120 kowanne sai ya matsa gaba da lamba ɗaya. Wa zai zauna ya sauya wa fayil 84 suna da hannu? Na rubuta umarnin for a bash, ya fara daga 37 yana hawa, na danna Enter ina jin kaina gwani.

Da na duba, daga 37 zuwa sama fayil ɗaya tak ya rage.

Ga abin da ya faru. Umarnin mv ba ya tambaya: in ya tarar da fayil mai sunan da ka ba shi, sai ya danne shi kawai. Shafi na 37 ya koma 38 ya goge na asali, ya koma 39 ya goge wancan, haka ya yi ta tafiya har ya zama 121. Kuma abin da mv ya danne ba ya zuwa kwandon shara.

Gyaran shi ne ka faro daga sama ka sauko, don kowane fayil ya tarar da gurbinsa a buɗe:

for i in $(seq 120 -1 37); do mv -n "shafi-$i.jpg" "shafi-$((i+1)).jpg"; done

Wannan -n ɗin yana hana shi danne fayil. Kafin ku sake shi kuma, ku sa echo kafin mv, ku karanta abin da zai yi tukuna. Ni dai wallahi yanzu ko fayil uku ne sai na yi haka, a kan kwafi ma.

Sai wani tarko. Kwamfuta kan jera 10 kafin 2, shi ya sa ake cika lambobi da sifili, 001, 002, da printf "%03d". Amma bash na ɗaukar lambar da ta fara da sifili a lissafin tushe takwas: 008 zai ba ku kuskure, 010 kuwa ya karanta shi 8 shiru abinsa, wanda ya fi muni. Ku rubuta 10#$i a cikin lissafin.

Shafukan fa? Allah ya taimake ni ƙanena bai goge hotunan daga wayarsa ba. Ya sake turowa, bayan na saya masa data kuma ya gama yi mini dariya.