Shin Ko Kun San? Ƙwayar da Waƙa Ke Yi wa Talla

Shin ko kun san cewa ƙwayar nan da samari ke kira "Red", wadda sunanta ya cika TikTok a Gana a 2025, galibi ba tiramol ba ce? Haɗin magani biyu ne: tapentadol, ɗan gidan su heroyin wajen aiki a ƙwaƙwalwa, da carisoprodol mai sakin jijiyoyi, wanda Turai ta daina sayarwa saboda saurin kama mutum. Kowannensu yana rage numfashi. In suka haɗu, mai sha kan sandare a tsaye, kai a sunkuye, yawu na dalala, yara kuma su zagaye shi da waya suna ɗauka suna ɗora kiɗa a kai.

Ko kun san a Fabrairun 2025 BBC ta bi sawun wannan haɗi daga titunan Tamale har zuwa wata masana'anta a Mumbai? Bayan rahoton ya fito ne Indiya ta hana yin sa da fitar da shi. Gwamnatin Gana ita ma ta ƙaddamar da gangamin "Red Means Stop" a shekarar.

Ko kun san tiramol ɗin da hukumar FDA ta Gana ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, kuma da takardar likita? Mai 225 da 250 da ake miƙawa ta ƙarƙashin tebur ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, kuma gari irin Bawku, da ke kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, ba ya rasa irin waɗannan hanyoyi. Likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Yaron da ya narka guda biyu a lemon ƙara kuzari ya riga ya zarce, tun bai karya ba. Abin da kan iya biyo baya shi ne farfaɗiya, ko da babu ita a danginsa.

Wannan wuri yana ci mini rai. A Salaga da Yendi da yawan masu sha ba gidan rawa suke zuwa ba. Gona za su je su yi kunyar doya, ko su kwana a kan babur. Wahala ce ta kai su. Amma waƙa ce ke cire wa abin kunya, ta mai da shi gayu. Kakanninmu da suka taka daga Kano zuwa Salaga fataucin goro sun san gajiya fiye da kowa, goron nan kuwa shi ne iyakar abin da suke taunawa.

Ko kun san mawaƙan da suka yi wa kodin kirari, da yawansu shi ya ci su? DJ Screw na Houston a Amurka, wanda salon kiɗansa ya tafi kafaɗa da kafaɗa da shan maganin tari, ya mutu a 2000 da kodin a jininsa. Juice WRLD ya rasu a Disambar 2019 yana ɗan shekara 21. Kodin da oxycodone suka kashe shi. Shi kuwa Future, wanda Juice WRLD ya ce daga waƙoƙinsa ya fara sha'awar sha, ya bayyana a 2019 cewa ya daina amma ya ɓoye, don tsoron kada masoya su juya masa baya. Ya tsira da kansa, waƙoƙin na nan suna yawo a wayoyin ƙannenmu.

A 2018 hukumar NBC ta Nijeriya ta hana sa waƙar Olamide mai suna "Science Student" a rediyo da talabijin, ko da yake shi ya ce gargaɗi yake yi. A shekarar ce Nijeriya da Gana suka hana maganin tari mai kodin.

Ko kun san "Molly" da ake ambata a waƙoƙin Amurka shi ne MDMA, wanda kamfanin Merck ya fara haɗawa a Jamus a 1912? Yana ɗaga zafin jiki har ƙoda da hanta su gaza, balle a zafin watan Maris irin namu. Haɗa shi da tiramol ya fi haɗari. Wani abin maye mai suna ketamin kuwa mafitsara yake cinyewa, saurayi ya koma fitsari kowane ɗan lokaci, wani sa'in da jini.

Ko kun san abin yi in wani ya faɗi a gabanku? Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tura masa cokali a baki, kada a ce a bar shi ya yi barci abin ya sake shi. A kwantar da shi ta gefe, a duba numfashi. In yana minshari mai nauyi, leɓe ya sauya launi, baƙin ido ya ƙanƙance, a kira 112 ko a garzaya asibiti mafi kusa. A tafi da kwalin ƙwayar, a gaya wa likita ainihin abin da ya sha da yawansa, domin akwai allurar naloxone da ke iya dawo da numfashi in an isa da wuri.