Jirgin sama a garejin gida: abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nuna maka

Da wuya ka yi wata guda kana shiga TikTok ko Facebook ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: matashi ya haɗa jirgin sama da ƙarafan gwangwan, ya ɗaura masa injin babur ko na janareta, farfela tana juyawa, yara sun kewaye shi suna ihu. A ƙasan bidiyon sai addu'o'i da kiran gwamnati ta taimaka. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne bidiyo na biyu, wanda jirgin ya bar ƙasa.

Wannan ba raini ba ne ga masu ƙoƙarin. Tun a 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin tsohuwar Honda Civic, kuma ya ɗaga sama, ko da yake bai wuce 'yan ƙafafu daga ƙasa ba. Basirar tana nan. Sai dai akwai wani ɓangare na duniya inda haɗa jirgi a gida ya daina zama abin mamaki, ya koma abin sha'awa kamar kiwon tantabara ko gyaran tsohuwar mota, kuma jiragen suna tashi har su ƙetare teku. Yadda suke yi ya bambanta ƙwarai da abin da muke gani a waya.

A Amurka abin ya fi ƙarfi. Hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, FAA, tana da rukuni na musamman na jiragen gwaji da mutane ke haɗawa da hannunsu. Babban sharaɗin shi ne mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da kansa, don neman ilimi ko nishaɗi, ba don kasuwanci ba. Shi ya sa ake kiranta dokar kashi 51. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya mai suna EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, kuma duk shekara a watan Yuli suna taruwa a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, inda dubban jirage ke sauka cikin mako guda. A taron 2014 masu sa kai sun haɗa jirgi ƙirar Zenith CH 750 daga farko har ƙarshe cikin kwana bakwai a gaban jama'a.

Sunan da ya fi kowanne fice a fagen jiragen ƙarfe shi ne Van's Aircraft, kamfanin da injiniya Richard VanGrunsven ya kafa a jihar Oregon a farkon shekarun 1970. Jiragensa suna ɗauke da haruffan sunansa: RV-3, RV-6, RV-7, RV-10, RV-12 da sauransu. Yawanci kamfanin ba gamammen jirgi yake sayar maka ba. Akwatunan katako yake aiko maka, cike da fallayen ƙarfe da aka yanka aka lanƙwasa, da buhunan ƙusoshi, da zanen aiki. Fiye da jirage 11,000 da aka haɗa ta wannan hanya sun tashi. RV-7 mai kujera biyu ba ya wuce kilo 500 sosai idan babu kowa a ciki, kuma yana gudun kilomita 300 da ɗoriya a awa. Wato daga Kano zuwa Abuja awa ɗaya da 'yan mintoci.

Ga wani abu da yawancinmu ba mu sani ba: wannan jirgin na gareji ya taɓa zama jirgin sojan Najeriya. A shekarun 1990, rundunar sojan sama ta sami jiragen koyon tuƙi kimanin 60 da aka sa wa suna Air Beetle. Asalinsu RV-6A ne na Van's, aka yi masa gyare-gyare, kuma a Kaduna aka harhaɗa su. Ke nan hannayen 'yan ƙasar nan sun riga sun yi irin wannan aiki, bisa zane da ma'auni.

To me ya raba su da jirgin bidiyon TikTok? Abu na farko ƙarfen ne. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna zai samo ƙarfen gado, bututu da langa-langa, ya kai wa mai walda. Wannan ƙarfe yana da ƙarfi, amma nauyinsa ya kusa ninka na alminiyam sau uku. Jirgi kuwa faɗa yake da nauyi tun daga ƙusa ta farko. Alminiyam ɗin ma ba irin na tukunya ko na tagar gida ba ne. Jiragen RV suna amfani da wani haɗi mai lamba 2024-T3, wanda aka gauraya da jan ƙarfe aka kuma gasa shi bisa ƙa'ida, Zenith da Sonex kuma suka fi amfani da 6061-T6. Fatar fiffiken a wurare da dama ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Idan ka riƙe fallen shi kaɗai zai yi ta lanƙwashewa a hannunka kamar kwali. Ƙarfinsa yana zuwa ne bayan an ɗinke shi a jikin haƙarƙarin fiffike da doguwar ƙashin bayan da ke ɗauke da nauyin jirgin.

Kuma ba a yi masa walda. Zafin walda yana lalata gashin da aka yi wa 2024, ya bar wurin da rauni. Da ƙusoshin ribit ake ɗinke shi, kuma a nan ne rayuwar mai haɗa jirgi take tafiya, domin jirgi ɗaya yana cin fiye da ƙusa 10,000.

Ka ɗauki rami ɗaya tak. Za ka haɗa fallaye biyu, ka riƙe su da wasu 'yan maƙalai masu sifirin da ake kira Cleco, waɗanda ke shiga ramin su matse shi na wucin gadi. Jirgin da ake cikin haɗawa yakan yi kama da bushiya saboda yawansu. Sai ka huda ramin daidai girman ƙusar. Sai ka warware komai, ka kankare bakin ramin ciki da waje, saboda ɗan ƙaiƙayin ƙarfen da huda ta bari shi ne inda tsagewa take farawa bayan shekaru na girgiza. Idan ƙusar mai shafaffen kai ce, wadda ba a so ta tsaya wa iska a hanya, sai ka lotsa bakin ramin yadda kan zai nutse. Wasu sukan fesa maganin tsatsa a ciki. Sannan ka sake haɗawa, ka sa ƙusar, ka ɗora bindigar iska a kanta, wani kuma ya tokare ta baya da dunƙulen ƙarfe mai nauyi har gindin ya baje. Bajewar ma tana da ma'auni: faɗinta ya kai kusan ɗaya da rabi na kaurin ƙusar, tsayinta kusan rabi. Idan ta karkace ko ta baje fiye da kima, sai ka huda ta ka cire, ka sa wata. Ka maimaita wannan sau dubu goma.

Shi ya sa da yawa daga masu wannan aiki matansu ko 'ya'yansu ne ke riƙe musu dunƙulen ƙarfen, tunda hannu biyu ba sa kaiwa ciki da waje a lokaci guda. Wanda ba shi da mataimaki yakan zaɓi jirgi irin RV-12, Zenith ko Sling, waɗanda ke amfani da ribit ɗin da ake ja daga gefe ɗaya, ɗan'uwan wanda masu haɗa tagogin alminiyam ke amfani da shi, sai dai na jirgi an gwada ƙarfinsa.

Yawanci da wutsiya ake farawa. Ita ce mafi araha a cikin akwatunan, kuma a nan mutum yake gane ko zai iya. Daga nan fukafukai, inda tankin mai yake, wanda ake liƙe shi da wani baƙin danƙo mai wari da masu aikin ke ƙorafi a kansa. Sai gangar jiki, sai inji da wayoyi. RV-12 yakan ci awa 700 zuwa 900. RV-7 kuwa ba abin mamaki ba ne ya ci awa 2,000. Ga mai aikin ofis da ke samun awa goma a mako, shekara huɗu ke nan. Da yawa ba sa gamawa. Akwai kasuwa sukutum ta jiragen da aka haɗa rabi aka gaji.

Kuɗin ma ba wasa ba ne. Inji kaɗai, ko Lycoming mai ƙarfin doki 180 ko Rotax 912 na ƙasar Ostiriya mai ƙarfin doki 100 da ke shan fetur ɗin mota, ya fi motoci da yawa tsada. Idan aka haɗa da allunan tuƙi irin Garmin G3X ko Dynon SkyView, waɗanda suka maye gurbin tsofaffin agogunan allura da fuska irin ta kwamfutar hannu, ba wuya jimlar ta haura dala 100,000. Akwai hanya mai rahusa: ka sayi zane kawai, ka yanka kowane falle da kanka, kamar ƙaramin jirgin nan mai kujera ɗaya, Hummel Bird, da ke tashi da rabin injin Volkswagen. Amma abin da ka rage a kuɗi za ka biya shi da shekaru.

Ko manyan ma sukan yi tuntuɓe. A Disambar 2023 Van's ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, kuma cikin abubuwan da suka jefa shi a matsalar har da sassan da aka huda da hasken lesa, waɗanda aka gano bakin ramukansu yana tsagewa idan an lotsa su. Mutane da dama sai da suka warware aikin watanni. Kamfanin ya farfaɗo a 2024.

Bayan an gama, ba a tura jirgi titi a ce bismillah a tashi. Ana ɗora shi a kan sikeli uku, a lissafa inda tsakiyar nauyinsa take. Idan ta koma baya fiye da yadda zane ya yarda, hancin zai ɗaga, fiffike ya daina ɗaukar iska, kuma a kusa da ƙasa babu lokacin gyara. Wannan lissafi ne da ba a yi wa yawancin jiragen da muke gani a bidiyo, kuma a ganina rashin tashinsu rahama ce. A Amurka sai jami'i ya duba jirgin ya ba da takarda, sannan a yi awa 25 ko 40 ana gwada shi a keɓantaccen yanki kafin a ɗauki fasinja. Duk da haka, binciken da hukumar NTSB ta fitar a 2012 ya nuna cewa jiragen haɗin gida, da suke kusan kashi 10 na ƙananan jiragen ƙasar, su ne ke da kusan kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai a 2011. Mutuwar inji da kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi su ne kan gaba, kuma wasu a tashin farko suka faru.

A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. Kamfanin Sling da ke Johannesburg yana sayar da irin waɗannan akwatuna har ƙasashen waje. A 2019 wasu matasa 'yan makaranta 20 sun harhaɗa Sling 4 cikin mako uku ƙarƙashin kulawar ƙwararru, aka tuƙa shi daga Cape Town har Alƙahira. Murnar ba ta cika ba: a hanyar dawowa jirgin rakiya ya faɗi a Tanzaniya, manya biyu da ke jagorantar shirin suka rasu.

Ga matashin da ke Zariya ko Maraɗi yana karanta wannan a waya, maganar gaskiya ita ce dala 100,000 ba ta kusa. A Najeriya kuma babu jirgin da zai tashi bisa doka sai da rajista da izinin hukumar NCAA, kuma matuƙin sai da lasisi, irin wanda ake samu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Ita wannan kwaleji tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi ma, kuma aikin falle da ribit yana cikin abin da suke koya.

Abin da yake kusa shi ne hannun. FAA ta saka littafinta na ƙa'idojin gyaran jirgi, mai lamba AC 43.13-1B, kyauta a intanet, kuma a ciki akwai ma'aunin ribit da nisan da ya kamata rami ya yi daga bakin falle. Masu haɗa RV da Zenith da yawa suna ɗora aikinsu a YouTube mataki-mataki, har da kurakuransu. Van's da kansa yana sayar da ɗan akwatin kayan aiki na alminiyam da sabon shiga zai haɗa don gwaji kafin ya taɓa wutsiyar jirgi. Kana iya yin irinsa da falle daga kasuwa, injin huda, magagari da ribit ɗin masu taga. Ka ja layi, ka jera ramuka ashirin tazara ɗaya, ka kankare kowanne, ka ɗinke, sannan ka juya bayan fallen ka ƙirga guda nawa suka zauna daidai.