Yaron Gona Na Yanzu Ba Irin Na Da Ba Ne



Yawancin masu zuwa neman shawara suna lissafa kuɗin 'yan tsaki, abinci, magani da keji. Kaɗan ne ke tambayar wanda zai kwana da kajin. Ni kaina wannan kuskuren na yi lokacin da na fara, bayan na gama karatu.

Na ɗauki wani matashi ya riƙe mini ɗakin raino a bayan garin Jega. Ban yanka masa albashi ba, na ce masa dai "za mu gani in an sayar". Haka na taso na ga iyayenmu suna yi a kasuwa: yaro ya zauna da ubangida shekaru, a ci da shi, a yi masa kayan sallah, in lokaci ya yi a yi masa aure a sallame shi da jari. A sati na biyu, cikin sanyin hunturu, yaron nan ya samu aikin dashen albasa a Aliero inda ake biya kullum da yamma, ya tafi. Daren nan gawayi ya mutu a kasko, tsaki suka taru a lungu suka danne juna. Da safe na kwashe gawarwaki a bokiti. Wallahi na yi fushi sosai, amma da na nutsu sai na ga bai karya alkawari ba, don babu alkawarin da muka yi.

Matashin yau yana da waya a hannu, ya san abin da abokinsa mai POS ko mai kabu-kabu ke samu a rana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuma a 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000. Ƙaramar gona ba lallai ta iya biyan haka ba, amma shi da wannan adadin yake auna abin da ka ba shi. Sannan a yankinmu akwai gasa ta musamman. Daga dashe zuwa cirar albasa, Aliero na jan hannaye, noman rani na shinkafa a fadama ma haka. Mai gona a Maiyama da bai lura da kalandar albasa ba, zai wayi gari ba kowa a bakin tafkin tarwaɗarsa.

Dattawa na cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Akwai gaskiya a ciki, na ga wanda ke kallon TikTok ruwan kaji ya ƙare. Sai dai su ma yaran sun ga yayyensu da suka yi wa wasu bauta shekaru, ranar sallama aka ce kasuwa ta lalace.

Abin da suke tambaya ba shi da yawa: nawa, yaushe, wace rana zan huta, me zan koya? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni mamaki. Ɗaliban jami'ar Aliero da masu difloma da ke zuwa neman aiki, da yawansu so suke su buɗe tasu gonar nan gaba, kuma ba sa ɓoyewa. Da can ina ganin kamar ina renon kishiya ne. Yanzu na gane wanda ya san dalilin da ya sa ake ba da rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci, ko dalilin ware manyan tarwaɗa daga ƙanana kafin su cinye su, ba sai ka tsaya a kansa ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Muna rubuta yarjejeniya a takarda ɗaya gaban shaida, yawanci wansa ko mahaifinsa. Albashi na shiga asusunsa ranar da muka ajiye, ko an sayar ko ba a sayar ba. Kajin nama sati shida zuwa takwas ne, don haka kowane zubi yana da kaso na daban idan mace-mace ba su wuce yadda muka amince ba. Shi ke riƙe littafin abinci da na mutuwa, yana turo mini hoto ta WhatsApp kowace yamma. Rana ɗaya a sati ni ke karɓarsa, har da sauya ɓuntun shinkafa.

Idan jarinka bai kai ka biya haka ba, rage yawan tsakin. Fara da 100 da za ka iya kula da su da kanka, kai da ƙaninka, har ka ga ribar zubi biyu ko uku kafin ka ɗauki mutum.