Lemon Binuwai a Kasuwannin Zariya da Maraɗi

Yawancin lemon zaƙin da ake ɓarewa a Sabon Garin Zariya daga Binuwai yake fitowa, musamman gonakin Gboko da Ushongo. Da hunturu yakan cika kasuwa, farashi ya faɗi. Da bazara, lokacin da aka fi ƙishinsa, sai ya yi wuya. Tanjarin kuwa kakarsa gajera ce.

Abin takaici shi ne asara. A tsube ake loda shi cikin manyan motoci, babu ɗakin sanyi, na ƙasa duk ya murƙushe kafin a isa kasuwar 'Yan Lemo a Kano. Daga Arewa wani lemon ke ƙetarawa zuwa Maraɗi ta Jibiya, hanyar da rufe iyaka ya kawo wa cikas a 2019 da 2023. Cire tallafin mai a 2023 ya ƙara kuɗin mota.